Fim ɗin da Ya Kai Inna Wurin Likitan Ido

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma shekarar da mahaifiyarmu ta yarda aka yi mata aikin ido ba ta cikinsu. Wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Ba lallashinmu ne ya sa ta yarda ba, ba kuma nasihar wani babba ba. Gardama ce a kan wani fim da ko fitowa bai yi ba.

Ni mutumin Kebbe ne, amma a lokacin ina da ɗan shago a Tambuwal kusa da tasha, ina cajin waya ina kuma tura wa mutane fina-finai. Duk bayan mako biyu nakan hau babur in je gida in duba Inna. Tun rasuwar babanmu take zaune tare da yayana da matarsa da ƙanwarmu. Inna mace ce mai kazar-kazar, daddawarta har daga Sanyinna ake aikowa a saya. Sai yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, bayan shekara biyu ta rufe ɗayan. Ta koma ba ta bambance komai sai haske da duhu. Yayana ya yi aure tana cikin wannan hali, aka haifa masa 'ya mace, Inna ba ta san fuskar sarakuwarta ko ta jikarta ba sai dai ta shafa.

Sau biyu likitocin ido suna zuwa Tambuwal su yi aiki, sau biyu Inna tana ƙi. Tana da dalilinta. Yayarta ta taɓa zuwa wurin wani mai cire yana da allura a ƙauye, idon ya lalace gaba ɗaya, ta rasu tana fama da ciwonsa. Duk bayanin da muka yi cewa na asibiti daban ne, amsar Inna ɗaya ce: "Hasken da nika gani ya ishe ni. Ba mai sa mini ƙarfe ga ido." Muka kawo kawunmu, muka kawo limamin unguwa. Ta saurare su cikin ladabi, ta sa aka kawo musu fura, suka tafi yadda suka zo.

Wata ranar Asabar bayan la'asar na kunna wa ƙanwata da matar yayana wani fim a waya, a tsakar gida. Fim ne na ƙasar waje, irin na jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na mutane, amma an yi masa fassarar Hausa, mai fassarar kuma irin wanda ba ya barin komai ne, ko ƙofa aka buɗe sai ya faɗa. Labarin wani direban babbar mota ne da ya tashi daga haɗari ya ga ƙarfe ba ya huda shi, yana ɗaga mota da hannu. Inna tana gefe a kan tabarma tana ɓare gyaɗa, ta juya mana baya, don a wurinta kallon fim aikin marasa aikin yi ne.

An yi kamar rabin awa sai muka ji ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wanga ɗan tauri, shina da uwa?"

Ƙanwata ta ce yana da ita, ita ce mai dafa masa abinci a farkon fim ɗin.

"To mi ya sa bai gaya mata abin da ya same shi ba?"

Kafin a kai ƙarshe Inna ta matso da tabarmarta har gwiwarta tana taɓa tawa, gyaɗar kuma kaji sun samu rabonsu. Fim ɗin ya ƙare a mummunan wuri: mugun ya sace uwar, gada ta karye da motar da take ciki, jarumin ya faɗa kogi yana nemanta, sai rubutu ya hau. Inna ta jira. Da ta ji shiru ta ce in ƙara kunnawa. Na ce ai ya ƙare, sai kashi na biyu, shi kuma ba a ma fara yin sa ba. Ta yi tsaki ta ce mutanen nan ba su da tausayi, su bar tsohuwa cikin ruwa su tafi harkarsu.

Ba Inna kaɗai fim ɗin ya kama ba. A shagona watanni aka yi ba a da wata hira. Sai kuma labari ya fara yawo a waya cewa wanda ya fito a matsayin jarumin ya samu saɓani da masu fim ɗin, za a kawo wani sabo. Nan gari ya rabu biyu. Masu kabu-kabu na tasha suka ce in aka canza shi ko kyauta ba za su kalla ba. 'Yan makaranta suka ce tsohon ya yi nauyi, sabon ya fi iya faɗa. Kowa da nasa labarin na kashi na biyu: wani ya ce uwar ta mutu, fim ɗin na ramuwa ne, wani ya ce mugun zai zama ɗan'uwan jarumin, wani mai shayi ya rantse cewa jarumin ma mutuwa zai yi, ƙanwarsa ta gaji ƙarfin, alhali a kashi na farko ba a nuna yana da ƙanwa ba. Ni ina cikin masu son sabon, yayana kuma ya tsaya a kan tsohon kamar ɗan ɗakinsu.

Inna ta shiga maganar da ƙarfinta. In na sauka daga babur, kafin in gama gaishe ta za ta ce, "Mi anka ce?" Ita a wurinta abu biyu ba sa taɓuwa. Na farko, uwar tana da rai, wani masunci ya tsamo ta. Na biyu, jarumin dole ya zama yadda ta san shi. Da muka tambaye ta yaya ta san shi, sai ta siffanta mana: dogo, baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji, mai wushirya, in yana tafiya yana ɗan karkata kafaɗar dama. Muka kalli juna ni da yayana, don babanmu ta zana mana tun daga sama har ƙasa. Ba wanda ya gaya mata cewa mutumin fim ɗin bai yi kama da haka ba ko kaɗan.

Ranar da abin ya juya, gardama ce ta yi zafi tsakanina da yayana har muka fara ɗaga murya. Matarsa ta ce tun da ga Inna, a bar ta ta raba. Na buɗe hoton sabon na fara yi mata bayani: matashi, jiki a murɗe, ido kamar na shaho. Yayana ya ce ƙarya ne, wuyansa kamar na zalɓe. Ya karɓi wayar ya buɗe tsohon ya ce ga namiji mai kwarjini. Na ce tumbinsa fa? Aka kira ƙanwata ta zama shaida, ita kuma ta ce duk su biyun ba su kai mugun kyau ba. Inna ta miƙo hannu, na sa mata wayar. Ta kai ta daf da fuskarta, ta juya ta, ta matsar da ita wajen rana. Mun ga tana ƙoƙari har idon ya kawo ruwa. Ta ajiye wayar a cinyarta.

"Ku duka kowa abin da ransa ka so shika faɗi," in ji ta. "Shekara fuɗu ke nan komi sai yadda kunka gaya mini."

Ta ɗan jima tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Likitocin nan naku, yaushe za su dawo?"

Na tuna yayana ya buɗe baki zai yi magana matarsa ta taka masa ƙafa. Na daure na ce bayan girbi, da murya irin ta wanda aka tambaya farashin albasa. Inna ta ce to, a rubuta sunanta. Sai da na fita bayan gida na tsaya jikin rumbu na share hawaye.

Ranar aikin muka ɗauko ta a mota da sassafe. Hanyar Kebbe kowa ya san rashin kyanta, kafin mu iso Tambuwal Inna ta gaji, kuma tsoro ya dawo mata. Muna zaune a layi a barandar asibiti, ta ji ƙarar tire na ƙarfe an wuce da shi, sai ta kama hannuna ta ce a hankali, "Mai da ni gida. Na fasa."

Allah ya kawo wani nas da ke kiran suna, wanda yake zuwa shagona tura fim. Ya gaishe ni, ya gaishe da Inna, sai ya ce mini, don dai hira, "Ka ji sabon labari? An tabbatar uwar ta mutu. Da jana'izarta za a buɗe kashi na biyu."

Inna ta saki hannuna. "Wa ya tabbatar?"

Nas ɗin ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, "Inna, a waya na gani."

"Ka ga gawa?"

"A'a, amma motar ta nutse."

"Mota ta nutse, awo. Ba ka ji sadda mai fassara ya ce gilashin baya ya fashe ba? Don mi za su fasa gilashi in ba fita za ta yi ba?"

Nas ɗin mutum ne mai wayo, nan take ya gane halin da ake ciki. Ya kama hannunta ya ce, "Taso mu je, Inna, ki yi mini bayani a hanya, don ni ban yarda ba." Ina kallo suka bi baranda tana kawo masa hujja yana musantawa, har ƙofa ta rufe. Daga baya ya gaya mini ko da aka kwantar da ita sai da likita ya roƙe ta ta yi shiru.

Washegari da hantsi aka cire bandejin idon da aka fara yi wa aiki. Muna tsaye mu huɗu a gabanta, matar yayana da goyo. Inna ta ƙifta ido, ta sake ƙiftawa, ta tsaya a kaina.

"Kai ne da furfura ga gemu?" ta ce. "Yaushe?"

Sai ta juya ga sarakuwarta. Ta daɗe tana kallonta, ta ce, "Ashe haka kike. Sun ce kina da kyau, na ɗauka irin faɗinsu ne." Aka sauko da jikar aka sa mata a cinya. Yarinyar ta kai hannu za ta taɓa idon, muka yi caa, Inna ta riƙe ɗan hannun tana juya shi tana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwata ce ta fara kuka, muka bi ta, har wata tsohuwa da ke gadon gefe ta taya mu ba ta san dalili ba.

Da aka natsa, Inna ta ce, "To, kawo su in gani."

Na buɗe mata hoton tsohon jarumin. Ta duba. Na buɗe sabon. Ta duba, ta koma kan tsohon.

"Wanga ɗan guntu shi ka ɗaga mota?"

Ta fara dariya, irin wadda rabonmu da ji tun babanmu yana da rai, har nas ya leƙo ya ce a yi a hankali saboda aikin. Ta ce duk su biyun a haɗa su a ɗaure ba su kai cinyar mutumin da take nufi ba, mu kuma mun kusa ɓata zumunci a kan mutanen da ko buhun gero ba za su iya sauke mata ba. Hukuncin da ta yanke ke nan, kuma daga ranar gardamarmu da yayana ta mutu.

Kashi na biyu sai bayan watanni ya fito. Masu fim ɗin ba su ɗauki tsohon ba, ba su ɗauki sabon ba, wani na uku suka kawo da ba wanda ya taɓa ambatarsa. Mugun bai zama ɗan'uwan kowa ba. Mai shayi ya ce an canza labarin ne don an ji ya gano. Mun kalla a tsakar gida bayan la'asar, maƙwabta sun cika, Inna a gaba da sabon tabarau. Da aka nuno uwar a kwance a wata bukka a bakin kogi, da ranta, Inna ba ta yi ihu ba, ta dai waiwayo ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce a tabbata labari ya kai ga nas ɗin nan. Aikin ido na biyu kuwa ita ta riƙa tuna mana lokacinsa. A wannan shekarar ta koma yin daddawarta.

Na yi shekaru ina tunanin wannan abu. Mun daɗe muna gaya wa Inna abin da za ta rasa in ba a yi aikin ba, muna tsoratar da ita da rami da wuta da faɗuwa, alhali tsoro ne ya riga ya ɗaure ta. Ba wanda ya tsaya ya nemi abin da take marmarin gani. Abin da na koya shi ne, in kana son mutum ya tsallake abin da yake tsoro, kada ka tsaya bayansa kana turawa, ka nemo abin da ransa ke so ka bar shi ya tafi wurinsa da ƙafarsa. Kuma na daina raina abin da ke faranta wa wani rai, kome ƙanƙantarsa a idona, don ban san ƙofar da zai buɗe masa ba.