Rantsuwata a Kan Jirgin Lantarki

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, in Allah ya kai ni, wannan abu ba zai fita daga raina ba. Ya faru a Riyad, shekarar da tsohon sarkin ƙasar ya rasu, Allah ya jiƙansa, lokacin da aka farfasa titunan gari ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai aiki da lantarki.

A lokacin ina tuƙa wa kafilina, wato Balaraben da nake zaune a ƙasar da sunansa, motar kayan gwari daga kasuwar Aziziya, ina kwana a unguwar Gubaira ɗaki ɗaya da 'yan'uwa biyar. Malam suke ce mini, don ni ke jan su salla. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, shi ke zuba wa jirgi kwal tsakanin Zariya da Ƙaura Namoda. Kafin ya rasu ya faɗa mini abin da ya sani, na rubuta da ajami a wani ɗan littafi: ma'anar usur ɗaya, ma'anar usur biyu, jar tuta da koriya. Ni kaina ban taɓa wuce taragon fasinja ba, amma in ka ji ni wajen shayi sai ka ce ni na ƙera jirgin.

Sai na ƙudura a raina cewa gadon gidanmu ne ya biyo ni Saudiyya. Iƙamata, wato takardar zama, saura wata biyu ta ƙare, na je na ce wa kafilina kada ya sabunta, na samu babban aiki. Ya dube ni ya ce to, in lokacin ya cika zai buga mini bizar fita.

Akwai wani mutumin Maraɗi a ɗakinmu, lebura ne a wajen aikin dogon, ba shi da yawan magana. Da ya ji, ya ja ni gefe ya ce ya ji a bakin injiniyoyi jirgin nan ba shi da direba, na'ura ce za ta riƙa tafiyar da shi daga ofis. Maimakon in gode, sai na kira kowa ya zo ya ji. Na ce mutumin da ko taku ɗaya na dogo babu a yankinsu ne zai koya wa ɗan reluwe jirgi? Na rantse da Allah sai na tuƙa shi, na ƙara da cewa in maganarsa ta tabbata zan ɗauki takalmansa a kaina daga ɗaki har masallaci.

"Allah ya ba ka sa'a, Malam," abin da ya ce ke nan.

Na goge farar jallabiyata, na sa littafin a aljihu, na tafi ofishin masu kwangila. Wani injiniya Bamisire, dattijo mai haƙuri, ya saurare ni ina fassara masa usur da Larabcin kasuwa. Ya ce a da can, a ƙasashen Turawa, akwai taragon lantarki mai bin waya a sama daga gari zuwa gari, direba a tsaye a gaba yana buga ƙararrawa, amma motoci sun kashe yawancinsu tun kafin a haife ni. Sannan ya nuna mini hoton namu. Inda na sa ran ganin kujerata, gilashi ne kawai da wurin tsayuwar fasinja. Na ce to in akuya ta hau dogo fa? Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

Da na koma wajen kafilina, ya riga ya ɗauki wani direban. Ga iyali a gida suna jira, ga kwanaki suna tafiya. Kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ne, na duba na ga ni ne na goma sha ɗaya, sai na yi azumi uku. Mutumin Maraɗin nan da na kunyata shi ya roƙi shugabansu a wajen aiki, aka karɓi kafalata, wato suka zama sabon kafilina, saura kwana tara iƙamata ta ƙare, aka ba ni tankar yayyafa ruwa a hanya. Bai taɓa tada zancen takalmi ba, ni ma na yi kamar na manta.

Bayan kamar shekara uku aka fara gwajin jirgi. Muna tsaye tare da mutumin Maraɗin, jirgin ya wuce mu a hankali, ba kowa a gabansa. Ranar Juma'a na ɗauki takalman aikinsa, masu nauyi, duk busasshen siminti, na ɗora a kan hulata. Ya roƙe ni in bari, na ce alkawari kaya ne, na gaji da dakonsa. 'Yan ɗakinmu suka biyo mu a baya. Da muka zo kwanar masallaci ya matso kusa da kunnena.

"Malam, ga kwana. Usur nawa littafin ya ce?"

Littafin yana nan a akwatina, ina buɗe shi in yi wa mahaifina addu'a. Amma tun ranar na gane cewa in wanda ya gani da ido ya ja ka gefe ya yi maka magana a hankali, ka ajiye labarin gidanku ka saurara, kuma ka riƙe sunan Allah kada ka sa shi a gardamar shayi.