Reza da Ƙaro a Aljihu

Hoto ɗaya tak Baba ya bari a duniya: yana zaune, Inna na tsaye ta dafa kafaɗarsa. Da ƙungiyar masunta ta garinmu Argungu ta nemi fuskarsa don takardar tunawa da dattawanta, kwana uku na yi ina roƙon Inna.

"Tahi da shi," ta ce, "amma kak ka dawo mani da rabi."

Na hau mota zuwa Birnin Kebbi raina a dagule, da reza da ƙullin ƙaro a aljihu. Hanyar da na sani ke nan: a yanko kai, a liƙa.

Matar da ke wani shagon kwamfuta a unguwar Nasarawa ta ga rezar ta ƙyalƙyale da dariya. Ta kifa hoton cikin wata na'ura, sai ga su Baba a kwamfuta. Ta kwafo fuskarsa, ta manna a takardar, ta miƙo mini hoton lafiya lau.

Da na dawo, Inna ta duba shi gaba da baya, ta shafa kafaɗar nan, ta yi ajiyar zuciya.

"Ashe ba su raba mu ba."