Ciwon da Mazan Gidanmu Ba Sa Faɗa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Sale, dillalin lemo a kasuwar Zuba, kuma har yau in na tuna yadda ya tafi raina ɓaci yake yi. Na san wasu za su ce 'ya mace ba ta da kunya, tana maganar fitsarin ubanta a jarida. Su faɗa.

Da Baba ya haura sittin, fitsari ya fara matsa masa. Ya je ya dawo, ya sake komawa, alwala ba ta zama. Mutum ne da ba ya wasa da sahun farko, sai ya samo dabara: ya daina shan ruwa da rana. In an miƙo masa ya ce yana azumin nafila. Abokansa na rumfa suka yi ta yabo, wai Alhaji ya kama ibada. Mu ma a gida, can Tungan Maje, alfahari muke yi. Ashe bawan Allah ƙishirwa yake kwasa a zafin ranar Zuba don kada a gan shi yana zirga-zirga da buta.

Ranar da fitsarin ya tsaya cak muka kai shi asibiti. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, kumburin furostet ne, wani ɗan nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma da an zo da wuri da sauƙi. Amma ƙoda ta riga ta lalace. Ya ce shekaru na kawo shi, yana bin jini, ga tumbi da yawan zama suna ƙara masa ƙarfi. Baba kuwa wuni yake a kan benci, abincinsa tsire da shayi mai kauri.

Abin da ya fi ƙona mini rai a zaman makoki na ji shi. Ƙanensa, Baffa Idi, ya kaɗa kai ya ce, "Ai ciwon gidanmu ne, haka kakanku ya yi." Sun sani! Mazan gida sun sani, ba wanda ya taɓa buɗe baki, wai ba maganar da ake yi ba ce.

Ina tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga babban ɗansa yau. Yaya Nura yana aiki a ma'aikata, daga kujerar ofis sai ta mota, tumbi ya riga shi shiga ɗaki. Matarsa ta tsegunta mini ya fara yawan zagayawa. Da na yi masa magana ya ce, "Ke Hadiza, sanyin esin ofis ne kawai. Ina da mitin."

Baba ya bar mana suna mai kyau, ya bar mana riƙon salla, kuma ya bar wa 'ya'yansa maza wannan abu a jini. Allah ya jiƙansa, ban ga laifinsa kamar na waɗanda suka yi shiru ba. Yaya, na san kana karanta wannan shafi. In ranka ya ɓaci, taso ka zo ka yi mini faɗa. Asibiti yana kan hanyar gidana, ka fara tsayawa can.