Jallabiyar Mijin Wata

Ledar wata mata ta yage a ƙofar kotu, sai ga gajeren wandon namiji da farar jallabiya a ƙasa, ana ta dariya. Matar siririya ce, abayarta duk ta koɗe. Tana kakkaɓe kayan tana gaya wa mai gadi an tsare mijinta ba tuhuma, ta kai ƙara a fito da shi gaban alƙali ko a sake shi. Ba zai tsaya da datti ba, in ji ta.

Nafiou direba, maƙwabcinmu a Gubaira, yana kallo, hassada na cinsa. Da aka tsare shi bara, ko cigiya ba wanda ya yi.

"Hajiya, in ba a sake shi ba, jallabiyar nan daidai ni ce."

"Malam, fara neman wadda za ta lura ka ɓata."