Fasinjan da ya san allurata

Salamu alaikum, 'yan uwa da abokan aiki. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu a Maraɗi suka ɗauka na sake lamba. Jinya na yi.

Ƙishirwa ta fara zuwa. In shanye gora guda, in ɗauki fasinja a filin jirgi, kafin mu hau babban titi fitsari ya matse ni. Wando ya soma zame mini. Allunan hanya suka koma dishi-dishi.

Na ce gajiya ce, don ba ni da inshorar lafiya kuma na san tsadar asibitin ƙasar wajen nan da muke zaune. Ranar da amai ya ƙi tsayawa, Rabi, maiɗakina, ta ɗauki makulli ta ce, "Baban Nana, bashi ana biyansa. Tashi."

Ciwon suga ne. Lokotoro ya ce jinina ya fara tsami, da na ƙara kwana a gida sai dai wani labarin. Aka yi ta ƙarin ruwa, ana huda yatsa, ana ɗiban jini. Na ji tsoro, ba na ɓoyewa. 'Yata Nana nake ta tunani.

Aka sallame ni da allurar insulin iri biyu: mai aiki a hankali sau ɗaya a rana, da mai saurin aiki da ake yi dab da cin abinci.

Na koma tuƙi. Wata rana da azahar a garin Sterling na yi allurar mai sauri, na buɗe kwanon shinkafa, sai kiran fasinja ya shigo. Na rufe, na ce in na sauke shi na ci.

Fasinjan ɗan Japan ne, mai furfura kaɗan. Ba mu yi nisa ba gumi ya keto mini, titi ya rabu biyu: sugana ne ya faɗi. Ya hango allurar, mai kama da alƙalami, kusa da giyar mota, ya tambaye ni yaushe na yi, kuma na ci abinci? Da ya ji amsa ya ce, a natse, "Tsaya a gefe. Yanzu."

Ya ciro alewa daga jaka ya ɓare mini da hannunsa. Da na dawo hayyacina, ya sa na cinye shinkafar yana kallona.

Na tambaye shi ko likita ne. Injiniya ne. Ya ce yana ɗalibi a ƙasarsu, lafiyarsa ƙalau, ya shiga cikin waɗanda aka gwada irin wannan allura a jikinsu. A kwantar da mutum, a yi masa ita, ana ɗiban jini a hannu ɗaya, ana sa ruwan suga a ɗayan don kada sugansa ya faɗi. A nan ya ji cewa cikin 'yan mintoci take fara aiki, kafin awa guda ta kai ƙarfinta.

Ban taɓa tunanin akwai mai lafiyar da ya miƙa hannunsa don irina ba. Ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya saka masa, shi da sauran da suka kwanta tare da shi.

Yanzu alhamdu lillahi, jiki ya dawo, ido ya washe. Na gode wa Rabi, da ma'aikatan jinya, da direbobin da suka riƙa kawo mana cefane ba tare da na roƙa ba.

Ku ji ni, musamman direbobi. Ƙishirwa da yawan fitsari da rama, je a auna. In ka yi allurar mai sauri, ka ci, kowa ya jira. Ajiye alewa ko dabino inda hannu zai kai. Auna suga kafin ka ta da mota. Batun azumi, ka tambayi likitanka tukuna. Kuma ka gaya wa na kusa da kai ciwonka, don ranar da bakinka ya kasa, su ne za su yi magana.