Ranar Da Muka Zauna A Ƙasa A Gidan Makokin Yahudawa

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zai ɗauke zaman makokin da muka je a London ba, a shekarun da kuɗin mai ya sa gwamnati ke tura mu karatu kamar ana rabon goro.

Mu biyu ne Hausawa a ajinmu, ni da wani Bazazzagi mai bakin tsiya, wanda ko da tukunyar shayi zai iya yin musu. Babbar damuwarmu nama. Ba mu yarda da yankan kanti ba, sai ƙwai da kifin gwangwani har muka rame. Wani Bayahude ɗan ajinmu, siriri mai ƙaramar hula a tsakar ka, shi ya lura. Ya ja mu ɗan ɗakin ƙungiyarsu ta ɗalibai Yahudawa, inda ake dafa naman da aka yanka. Nan muka mayar gidan cin abincin rana. Kullum Bazazzagi na tauna yana yi masa faɗa a kan Falasɗinawa, shi kuma yana ramawa yana ƙara masa miya. Ni dai nawa ci.

Ana nan sai aka kawo ƙuduri a taron ɗalibai, wai a rufe ƙungiyar Yahudawa tunda tana goyon bayan Isra'ila. Zauren ya cika. Da abokinmu ya miƙe zai yi magana, wani daga baya ya zage shi, ba don ra'ayinsa ba, don shi Bayahude ne, wasu suka yi dariya. Bazazzagi ya ɗaga hannu tare da masu rinjaye, don a ganinsa Falasɗinawa yake taimaka wa. Abokinmu ya gan shi. Aka sa wa ɗakin kwaɗo, shi kuma ya daina zuwa aji, har muka ji ana cewa zai bar jami'ar gaba ɗaya. Abin ya dame ni ƙwarai, don yaron ya kusa gamawa.

Ana cikin haka labari ya zo cewa mahaifinsa ya rasu.

"Tashi mu je gaisuwa," in ji Bazazzagi.

Na ce, "Da wane ido? Kai da ka yi voting a kansa?"

"Malam, rasuwa aka yi. Ko korata zai yi, sai na je."

Muka sa manyan riguna, muka ɗora kwat a kai, muka sayi dabino, muka hau tube, jirgin ƙasan nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Mun tarar da ƙofa a buɗe, muka tuɓe takalma muka shiga. Baƙi na zaune a kan kujeru, amma mahaifiyarsa, tsohuwa 'yar ƙarama, tana kan wata gajeriyar kujera kusa da ƙasa, ɗanta na gefenta. Bahaushe kuwa ba ya hawa kujera ya bar uwar abokinsa a ƙasa. Ba mu ko yi shawara ba, muka tattara riguna muka zube a kan kafet a gabanta.

Abokinmu ya sunkuyo, ba tare da ya kalli Bazazzagi ba, ya ce min a hankali, "A al'adarmu, iyalan mamaci kaɗai ke zama ƙasa. Mata, 'ya'ya, 'yan'uwa na jini."

Kunya ta rufe ni. Na yunƙura zan tashi, tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Bar su," ta ce wa ɗanta. "Babanka ƙannensa da yayyensa duk an kashe su a yaƙin duniya na biyu. Kullum yana cewa in ya mutu babu mai zauna masa a ƙasa sai ni da kai. To ga shi ya samu."

Na waiga na kalli Bazazzagi. Hawaye kawai yake yi, yana sharewa da hannun riga. Can ya ce, "Mama, Allah ya ba ku haƙuri." Da za mu tafi, abokinmu ya rako mu har ƙofa, ya riƙe hannun Bazazzagi ya daɗe bai saki ba.

Bayan kwanakin makoki ya dawo aji. A taro na gaba Bazazzagi ya miƙe ya ce har gobe yana tare da Falasɗinawa, amma rufe wa ɗalibi ƙofa saboda addininsa ba ya mayar wa kowa gonarsa. Aka yi masa ihu, bai zauna ba sai da ya gama. Ɗakin ƙungiyar ya jima kafin a buɗe shi, amma abokinmu ya kammala karatunsa tare da mu.

Tun daga nan na koyi cewa za ka iya ƙin abin da wata gwamnati ke yi iya ƙarfinka, amma kada ka ɗauki fansa a kan wanda ke kusa da kai. Ba ka san mutum nawa suka rage masa a duniya ba.