Guntun Dutsen da Na Ɗauko a Kavala

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na gani a duniya, na san ba zai kwashe ranar da na yi abin kunya a wani birni na ƙasar Girka ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau ina tuna ta kamar jiya aka yi.

Ni malamin gona ne, aikina yawo a fadamun Zauro ina duba shinkafar mutane. Wata shekara aka tura mu, mu shida, zuwa Girka mu ga yadda suke ban-ruwa, don su ma suna noman shinkafa a arewacin ƙasarsu. A cikinmu akwai wani Bayarabe mai sayar da injinan ban-ruwa a Birnin Kebbi, wanda ya girme ni sosai. Ya daɗe a garin har Sakkwatanci ya zauna a bakinsa. Da shi aka haɗa mu ɗaki, kuma Malam yake kirana, saboda ya san gidanmu a unguwar Nasarawa gidan karatu ne.

Da muka sami ranar hutu sai aka kai mu yawon buɗe ido wani tsohon birni a bakin teku mai suna Kavala. Ni da babban ruwan da na sani shi ne gulbin Argungu, sai ga ni gaban ruwan da ba a ganin ƙarshensa, shuɗi shar, jiragen masunta na lilo a kansa. Gidaje sun hau tsauni, wani a kan wani. Muka bi lunguna masu daɓen dutse muna haki har muka kai wata tsohuwar ganuwa a can ƙololuwa.

Mai gadin wurin wata dattijuwa ce, gajeruwa, mai furfura. Azahar ta same mu a ciki, na tsaya ina waige-waige da sallaya a hannu. Ita ta lura da ni. Ba ta tambaye ni komai ba, ta kawo mini ruwa a gora, ta nuna mini wata inuwa a gindin bango, ta kuma tsaya nesa kaɗan tana karkatar da masu wucewa har na sallame. Na yi mata godiya da Turanci, ta dafa ƙirjinta tana murmushi.

Bayan nan ne na ga dutsen. A wani lungu an zagaye wasu fararen duwatsu da igiya, a gefensu kuwa ga wani guntu da bai kai tafin hannu ba, an sassaƙa masa zane kamar ganye. Nan take na hango kaina a majalisarmu ta Gwadangaji, ina fito da shi ana karɓa hannu-hannu, ina cewa wannan ya girmi kakannin kakanninmu. Na duba hagu, na duba dama, na miƙa hannu ta ƙarƙashin igiyar.

Abokin ɗakina ya gan ni. Ya matso ya ce a hankali, “Malam, mi kaka yi haka? Aje musu abinsu.”

Na ce, “Haba Yaya, dutse ne fa. Wa zai san ya ɓata?”

“Kai ka sani,” in ji shi. “Ni dai na gaya maka.”

Na yi dariya na jefa shi aljihun kaftanina. Yanzu in na tuna wannan dariyar, ita ta fi ba ni haushi.

A bakin ƙofa, muna layin fita tare da Turawa da yawa, dattijuwar nan ta tare ni. Fuskarta ba kamar ɗazu ba. Da ɗan guntun Turancinta ta tambaye ni ko na ɗauki wani abu a ciki. Da na ce e a lokacin, da abin ya zo da sauƙi. Amma na kalli matar da ta ba ni ruwan alwala ido da ido, na ce ban ɗauki komai ba.

Ta nuna aljihuna da yatsa. Dutsen ya yi tudu a ciki. Na zura hannu, na jawo, sai ga dutsen ya fito, carbina ya nannaɗe shi. Haka suka fito tare, kowa na kallo. Wani Bature ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, ta daka masa tsawa ya sauke.

Ɗan ƙasar da ke yi mana jagora ya zo da sauri, suka yi ta magana da yarensu. Ya juyo ya ce mini dokarsu ba ta wasa da kayan tarihi, aikinta ne ta kira ’yan sanda, kuma in suka zo ba lallai in bi jirginmu gida ba. Ba kurkukun ne ya fara zo mini a rai ba, mahaifina ne, yadda labari zai iske shi a zaure gaban ɗalibansa, a ce ɗansa ya yi sata a ƙasar mutane.

Sai abokin nan nawa ya cire hularsa, babba da shi, ya tsaya gaban matar yana roƙo. Ya ce ya san ni, ya san gidanmu, wauta ce ta same ni. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce in biyo ta.

Muka koma ciki ni da ita, dutsen na hannuna. Ta ce in mayar da shi daidai inda na ɗauke shi. Na durƙusa na ajiye. Ta ce mahaifinta magini ne, ya yi shekaru yana gyaran wannan bango, ita kuma nan ta tashi. Ta ce, “Dutsen bai dame ni kamar ƙaryar ba. Na ga yadda ka yi addu’a, na ɗauka ba za ka yi mini ƙarya ba.” Ta ce in tafi.

A mota ban ɗaga kai na ƙara kallon tekun ba. Abokina ya zauna kusa da ni, ya juya ga sauran ya ce, “Wagga magana ta mutu nan. Kowa ya kai ta gida, ni da shi ne.” Kuma ta mutu. Har yau ina zuwa shagonsa da manoma, mu yi raha, bai taɓa ko yi mini shaguɓe da ita ba. Ni ne yau na tona kaina.

Abin da na koya shi ne, sunan gida da yawan ibada ba sa tsare mutum in bai tsare hannunsa da bakinsa ba. Kuma duk inda ka je baƙunci, mutane ba kai kaɗai suke gani ba, da kai suke auna addininka da mutanen garinku. Tun daga ranar, in na yi kuskure aka tambaye ni, nakan amsa tun a tambayar farko.